Kimiyya a Murhu: Wa Ke Tare wa Ƙarfe Hanya a Cikin Hanji?

Tambayar wannan mako ta zo ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Dagumawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil. Ta ce a darasin bayoloji an koya musu cewa abinci mai harza, wadda wasu ke kira faiba, yana gyara ciki, yana hana taurin bayan gida. Sai kuma ta ji wani a rediyo yana cewa ita wannan harzar tana hana jiki amfana da sinadaran da ke ƙara jini da ƙarfin ƙashi. A gidansu kuwa koko ne da safe, fura da rana, tuwon dawa da dare. Shin su ci gaba da haka, ko su koma shinkafa da taliya?

Malamar bayoloji ta faɗi gaskiya. Shi ma mai rediyo bai yi ƙarya ba, sai dai ya kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo wa harza farin kai.

Mu fara da ita harzar. Ita ce sashen tsiro da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa: ɓawon ƙwayar gero da dawa da masara, wanda muke kira dusa in an surfa, da ɓawon wake, da jijiyoyin ganyen rama da zogale, da yauƙin kuɓewa da na kuka. Wata tana narkewa a ruwa ta yi yauƙi, wata kuma ba ta narkewa ko kaɗan. Dukkansu suna ratsa tumbi da ƙaramin hanji ba tare da an taɓa su ba, sai sun isa babban hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce duk wanda ya kai shekara 10 yana buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana. Wani likitan tiyata ɗan Ayaland, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ne ya yayata darajarta a shekarun 1970, bayan ya lura cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da ganye ba su cika fama da wasu cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba. Wato abin da Turawa ke saye da tsada yanzu a kwali, mu a rumbu yake.

Su kuma sinadaran da ɗalibarmu ke tsoron rasawa guda uku ne. Akwai ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon. Da shi jiki ke gina jan abin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙaramar ƙusa ke nan, amma in ya yi ƙasa sai kasala, jiri, haki, da karatun da ba ya zama a kai. Akwai zink, mai taimaka wa girma da warkewar rauni da garkuwar jiki. Sai kalsiyam, tubalin ƙashi da haƙori. Yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar kusan miligiram 15 na ƙarfe a abincinta kullum, namiji sa'anta kuma 11, saboda ita tana zubar da jini duk wata.

Ga inda matsalar take. Ba duk abin da ka haɗiye ne ke zama naka ba. Ƙarfe yana shiga jini ne galibi ta farkon ƙaramin hanji, wani ɗan guntu da bai wuce tsawon santimita 25 ba, nan da nan bayan tumbi. Kuma sai yana narke a cikin ruwa yake iya ratsa bangon hanjin. In wani abu ya riƙe shi har ya wuce wannan ƙofa, to yawancinsa ya tafi ke nan, sai masai. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi yana zuwa a kintse, jiki kan ɗauki kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa. Na hatsi da wake da ganye kuwa tsirara yake tafiya, kowa na iya cafke shi a hanya, shi ya sa abin da ke shiga jini kan faɗi har ƙasa da kashi 5.

Mai cafkewar sunansa fitet. Kowace ƙwayar hatsi tana ɗauke da guzurin fosfaras wanda za ta ciyar da ɗan tsiro da shi in an shuka ta, kuma a sifar fitet take ajiye wannan guzuri. Ku ɗauke shi kamar wata halitta mai hannu shida, kowane hannu yana damƙar ƙarfe ko zink ko kalsiyam. Da zarar ya damƙa, sai su dunƙule su zama abin da ba ya narkewa. A alkama da shinkafa yana zaune ne dab da ɓawo, a masara yawancinsa yana cikin idon ƙwayar, a gero da dawa yana ido da kuma ɓawo. Duk wuraren nan kuwa su ne ke fita tare da dusa, shi ya sa duk inda aka ga harza mai yawa a hatsi sai a ga fitet a gefenta. A wake ya bazu ne cikin tsokar gaba ɗaya, don haka wanke ɓawon wake lokacin ƙosai ko alala ba ya raba shi da shi.

Ta yaya aka gane ba harzar ba ce? Masu bincike a jami'ar Gotenbag da ke Suwidin, ƙarƙashin Leif Hallberg, sun cire fitet daga dusar alkama suka bar harzar, suka ba mutane, sai yawancin cikas ɗin ya kau. A 1989 kuma suka juya gwajin: suka riƙa zuba fitet kaɗan-kaɗan a cikin farin burodi. Da suka sa abin da ya kai miligiram 2 na fosfaras ɗinsa, ƙarfen da ke shiga jini ya ragu da kashi 18 cikin 100. Da suka kai 25 ya ragu da kashi 64, da suka kai 250 ya ragu da kashi 82. Ku lura da yadda ɗan kaɗan ma ke yin ɓarna. A cikin gwajin nan dai suka ga bitamin C yana kwance wannan ɗauri, kuma za mu dawo kansa.

Tun kafin su an ga alamun abin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da alkama ta yi ƙaranci a Ingila, gwamnati ta hana a tace fulawa sosai, aka koma cin burodi mai dusa. Wasu masana biyu a Kambirij, Robert McCance da Elsie Widdowson, suka gwada a jikinsu da na abokan aikinsu, suka ga wannan burodi yana rage kalsiyam ɗin da jiki ke ɗauka. Maganin da aka yi mai arha ne: aka riƙa zuba garin alli a cikin fulawa, kuma har yau ana ƙara kalsiyam a farar fulawar ƙasar. A Iran kuma, wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, ya ga wani saurayi mai shekara 21 a birnin Shiraz wanda in ka gan shi sai ka ce bai wuce shekara 10 ba. Abincinsa gurasar alkama ce wadda ba a bari ta kumbura ba, ba ya samun nama, kuma yana cin ƙasa. Prasad ya wallafa labarin irin waɗannan samari a 1961, sannan a 1963 ya tabbatar a Masar cewa ƙarancin zink ne ya tsuke girmansu.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun duba yara masu laushin ƙashi, irin wanda ke lanƙwasa ƙafa ta yi gwame ko ta yi baka. A littattafan Turawa rashin hasken rana ne ke kawo wannan ciwo, mu kuwa rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Sai suka gano yaran suna samun kalsiyam kusan miligiram 200 kacal a rana, abincinsu masara ce mai yawa, ba madara. A rahotonsu na 1999, yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Daga baya ma sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Mutanen bakin kogin Wudil su riƙe wannan: ƙananan kifin nan da ake taunewa har ƙaya ba abin rainawa ba ne.

A ƙasa baki ɗaya, binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Ba zan ɗora wa tuwo duk wannan laifi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana tsotsa, tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a kogi da kududdufi tana zubar da shi ta fitsari, ga kuma sikila. Amma abinci shi ne ɓangaren da ke hannunmu sau uku a rana.

To in haka ne, me ya hana a surfe hatsin tas a huta? Surfe yana rage fitet, gaskiya ne. Sai dai ƙarfen da zink ɗin da bitamin B su ma a ido da ɓawon suka fi yawa, don haka tare suke bin dusa. Wanda ya surfe geronsa har ya yi fari fat ya kori ɓarawo, ya kuma bi shi da dukiyar. Masu kiwo ne ke cin ribar. In kun je karar Wudil ranar Juma'a kuka ga bijiman da aka yi wa turka suna sheƙi, dusa ce ta yi aiki. Saniya tana da ƙwayoyin halitta a tumbinta masu samar da wani inzayim, fitas, wanda ke karya hannayen fitet ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe fosfaras ɗin da sauran kayan. Kaza ba ta da wannan gata sosai, shi ya sa masu haɗa abincin kajin gidan gona ke sayen fitas su zuba. Mu ma 'yan Adam layin kaza muke.

Komawa farar shinkafa da taliyar leda kuwa, a ganina, ita ce shawara mafi muni. Gero ya fi farar shinkafa ƙarfe nesa ba kusa ba. Cibiyar ICRISAT, wadda ke da ofishi a nan Kano, har wani irin gero mai ƙarin ƙarfe ta samar, mai suna Chakti, wanda aka saki ga manoma a Jamhuriyar Nijar a 2018. Duniya na neman gero, bai kamata mu da muke nomansa mu guje shi ba.

Mafita tana cikin madafin iyayenmu mata tun da daɗewa, ko da yake ba su taɓa jin sunan fitet ba. Ita kanta ƙwayar hatsi tana da nata fitas ɗin, yana barci har sai ta jiƙa. Dubi yadda ake yin kamu: a jiƙa gero, a markaɗa, a tace, a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami. A cikin wannan kwana bakteriya masu amfani suna cin sukarin ƙullun suna fitar da tsami, tsamin kuma shi ne yanayin da fitas ya fi so. Kafin gari ya waye an karya kaso mai yawa na fitet. Haka ƙullun waina da sinasir da ake bari ya tashi, haka daddawa da ake rufe kalwa kwana biyu ko uku, haka tsiron hatsi da wasu ke sawa a kunun zaƙi, domin ƙwayar da ta fara tsira da kanta take fasa rumbun guzurinta. Sai dai gero da dawa da masara ba su kai alkama yawan fitas ba, saboda haka suna son lokaci. Jiƙon awa ɗaya ko biyu ba ya yin wani abin kirki. Kokon da aka dama da ƙullun da ya kwana ya fi wanda aka markaɗa yanzu aka dama yanzu, kuma kowa ya san ya fi daɗi ma.

Tuwon dawa shi ne ba ya samun wannan gata, tunda gari ake tuƙawa kai-tsaye, kuma wuta kaɗai ba ta karya fitet sosai. A nan miya ce ke ceto. Bitamin C yana canza ƙarfe zuwa sifar da hanji ke karɓa, yana kuma riƙe shi a narke don kada fitet ya samu dama. Sharaɗin shi ne su haɗu a ciki lokaci guda. Lemun da ka sha da hantsi ba zai taimaki tuwon dare ba. Gwaiba tana da bitamin C da ya ninka na lemun zaƙi kusan sau huɗu. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake kaɗawa a nono ko a kunu, shi ma yana da shi da yawa. Ga tattasai, ga tumatir, ga lemun tsami da za a matsa a kwaɗon zogale ko na rama. Ɗan nama ko kifi a cikin miya, ko da tsoka ɗaya ce, yana ƙara yawan ƙarfen da ake ɗauka daga tuwon kansa. Abu biyu ke kashe bitamin C: doguwar dahuwa da kanwa. Na san miyar kuɓewa da ɗanwake ba sa yiwuwa sai da 'yar kanwa, amma a rage hannu, a kuma yanka ɗanyen tumatir da albasa a kai.

Yanzu ga samari, 'yan teburin mai shayi. Ganyen shayi yana da wani mai cafkewar daban, tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma shi ke sa goro ɗaure baki. Jar dawa ma wasu irinta suna da shi. A wani gwajin na Hallberg a 1982, shan shayi tare da abinci ya rage ƙarfen da ke shiga jini da kashi 62 cikin 100, kofi ya rage da kashi 35, ruwan lemun zaƙi kuwa ya ƙara da kashi 85. Abinci iri ɗaya, kwano ɗaya, abin sha ne kawai ya bambanta. Ban ce a daina shayi ba, don na san ba wanda zai ji. A dai ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu bayan an ci wake da shinkafa ko tuwo, lokacin abincin ya riga ya wuce ƙofar da muka ambata.

Ita harzar da aka yi wa ƙazafi, in ta isa babban hanji sai ta zama abincin bakteriyar da ke zaune a can. Suna tsima ta kamar yadda ake tsima ƙullu, su fitar da wasu ƙananan sinadarai masu tsami waɗanda bangon hanji ke ci. Wannan tsami yana narkar da wani ɓangare na kalsiyam da ya kuɓuce daga sama, jiki ya sake samun damar ɗauka. A birnin Hostan na Amurka, Steven Abrams ya ba yara masu shiga balaga giram 8 na wata harza mai suna inulin kullum har shekara guda, a 2005 ya ba da rahoton cewa sun fi sauran ɗaukar kalsiyam, ƙashinsu kuma ya fi ƙaruwa. Albasa da tafarnuwa suna cikin kayan miyar da ke da irin wannan harza. Ga masu shekara 9 zuwa 18, waɗanda ke buƙatar kusan miligiram 1,300 na kalsiyam a rana, fura da nono mai kauri babban jari ce, haka miyar kuka. Alayyafo yana da kalsiyam, amma wani sinadari a cikinsa, okzalet, yana riƙe da yawancinsa, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

Gargaɗi guda. In kina jin jiri in kin miƙe, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ko ranki na kwaɗayin farar ƙasa, ki gaya wa mama a je asibiti a auna jini. Kada ki sayi ƙwayar ƙarin jini a kemis da kanki. Mai sikila musamman, wanda aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe na iya taruwa a jikinsa har ya yi masa illa, sai abin da likita ya rubuta.

Aikin gida na wannan mako, a yi shi a gaban malamin kimiyya. A dafa baƙin shayi mai kauri ba madara ba suga, a raba shi kofin gilashi biyu. A daka ƙwayar ƙarin jini guda ɗaya, irin ta ƙarfe da ake ba masu juna biyu a wajen awo, a zuba a kofi ɗaya a juya. Ku duba launin da zai koma, ku kwatanta da ɗayan. Sannan a matsa rabin lemun tsami a cikin wanda ya canza, a sake dubawa. Ba a sha, a zubar bayan an gama, kuma a ɓoye sauran ƙwayoyin daga ƙanne, domin suna da haɗari ga ƙananan yara. Ku rubuto mana abin da kuka gani da dalilinsa, da sunan makarantarku, za mu buga amsoshi uku da suka fi kyau a mako na sama.